Jangalin Mota: Lissafin da Mai Shirin Ritaya a Amurka Zai Yi Kafin Ya Canza Jiha

Wata Juma'a cikin hunturu, bayan an idar da salla a ɗaya daga cikin masallatanmu na Bronx, wani dattijo ɗan Zangon Kumasi ya riƙo hannuna a bakin ƙofa, kowa na laluben takalminsa. Shekara 29 ya yi yana tuƙa tasi a Niyok. Gwiwoyi sun gaji, sanyi kuma ya fara shiga ƙashi. Ya ce, "Ɗana, na gama shawara. Teksas zan koma. An ce can babu haraji."

Na ce, "Baba Alhaji, wane harajin ne babu?"

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu yana dubana. Bai taɓa yi wa kansa wannan tambaya ba, kuma ba shi kaɗai ba ne. Duk shekara, idan lokacin cike takardun haraji ya zo kafin 15 ga Afrilu, 'yan uwa na zuwa wurina da irin wannan magana: direbobi, ma'aikatan jinya, masu shaguna, waɗanda suka shigo ƙasar nan da ƙuruciyarsu ga shi yanzu furfura ta cika gemu. Kowa ya ji labarin jihar da ba ta karɓar haraji. Gaskiyar magana, babu jihar da ke gina tituna da makarantu da iska. Aljihu uku gwamnatin jiha ke sa hannu a ciki: abin da ka samu, abin da ka mallaka, da abin da ka saya. In ta ƙyale ɗaya, to ta nauyaya hannu a kan sauran biyun. Aikin mai shirin ritaya shi ne ya gano wane aljihu ne nasa ya fi nauyi, sannan ya nemi jihar da ba ta cika taɓa wannan aljihun ba. Lissafin maƙwabcinka ba zai yi maka amfani ba, domin motarsa daban, fanshonsa daban.

Fara da kuɗin da zai riƙa shigo maka

Jihohi tara ne ba sa karɓar harajin kuɗin shiga a kan albashi da fansho: Alaska, Fulorida, Nebada, New Hampshire, Dakota ta Kudu, Tenesi, Teksas, Washintan da Wayomin. Wannan gaskiya ne, kuma ga wanda ya tara dukiya mai yawa a asusun ritaya irin su 401(k) da IRA, ribar komawa ɗaya daga cikinsu na iya kai dubban daloli a shekara. Amma ka lura, harajin gwamnatin tarayya yana bin ka duk jihar da ka shiga. Na jiha kawai ake magana.

Yanzu mu koma kan Baba Alhaji. Direban tasi mai zaman kansa ba shi da fanshon kamfani. Abin da zai riƙa samu shi ne kuɗin Social Security, wato fanshon tarayya da ake fara karɓa daga shekara 62 a rage, ko a cike daga shekara 67 ga wanda aka haifa a 1960 ko bayanta. Jihohi sama da 40 ba sa taɓa wannan kuɗi ko kaɗan, kuma Niyok tana cikinsu. 'Yan kaɗan da suka rage suna karɓa, irin su Kolorado, Connecticut, Minesota, Montana, New Mexico, Rhode Island, Utah da Vermont, yawancinsu ma sun yafe wa mai ƙaramin ƙarfi. Ke nan harajin da Baba yake shirin gudu, da ma Niyok ba za ta karɓa daga hannunsa ba. In don shi zai ɗaure kaya zuwa Houston ta Teksas, bai tsira da ko sisi ba.

Akwai ma wanda ƙaura za ta jawo masa harajin da ba ya biya a da. Ma'aikacin gwamnatin jihar Niyok ko na birnin Niyok, fanshonsa ba ya biyan harajin jiha ko na birni muddin yana zaune a can. Wanda fanshonsa na kamfani ne kuma, in ya kai shekara 59 da rabi, ana yafe masa dala 20,000 ta farko. Idan mai fanshon birnin Niyok ya koma Karolina ta Arewa, wadda ke karɓar haraji bai-ɗaya na wajen kashi 4 cikin 100, to wannan fansho ya shiga lissafi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A ɗaya gefen kuma akwai jihohin da suke da harajin kuɗin shiga amma sun sakar wa 'yan fansho mara. Ilinoi, Misisifi da Fensilbaniya ba sa taɓa fansho da kuɗin asusun ritaya ga wanda ya kai shekarun ritaya, Ayowa ma ta bi sahu tun 2023 ga mai shekara 55 zuwa sama. Jojiya tana yafe dala 35,000 ga mai shekara 62 zuwa 64, da dala 65,000 ga wanda ya kai 65, kowane mutum da nasa kason, miji daban mata daban. Ga galibin mutanenmu, wannan daidai yake da babu harajin.

Wani abin kwantar da hankali: tun 1996 dokar tarayya ta hana jihar da ka bari ta bi ka da haraji a kan fanshon da ka tara a cikinta. In ka tashi da gaske, ka tashi.

Jangalin mota

A nan nake so in daɗe, domin nan ne mutane ba sa dubawa, kuma nan ne mai ƙaramin fansho ya fi jin jiki. Wanda ya bar Niyok ko Shikago ya koma wajen gari a kudu, mota ta zama masa ƙafa. Babu jirgin ƙarƙashin ƙasa, masallaci na da nisa, asibiti na da nisa, kantin naman halal na can wata unguwa. Gidan da ba shi da mota ko ɗaya a Bronx yakan wayi gari da biyu.

Salon karɓar kuɗin rajistar mota iri uku ne. Wasu jihohin suna yanka kuɗi ɗaya ga kowa, sabuwar mota ko tsohuwa. Teksas ke nan: dala 50.75 a shekara ga motar da nauyinta bai wuce fam 6,000 ba, sai ɗan abin da gunduma ta ɗora a kai. Wasu suna bin nauyin mota. Niyok haka take yi, daga dala 26 zuwa 140 na shekara biyu, mazaunin birnin kuma a ƙara masa dala 80 na shekara biyun. Fulorida ma nauyi take bi, kuma ƙaramar mota ba ta kai dala 50 a shekara. Waɗannan biyun duk masu sauƙi ne.

Na ukun shi ne mai cizo. Jihohi da yawa suna ɗaukar mota a matsayin dukiya, su ƙiyasta darajarta, su karɓi kaso duk shekara. Wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san wannan da sunansa na asali: jangali ne. Ba ka sayar da saniyar ba, ba ta kawo maka riba ba, amma tunda tana tsaye a garkenka sai ka biya. Kuma yadda talakawa suka tsani jangali da haraji har gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979, haka Amurkawa suka tsani wannan. Jim Gilmore ya ci zaɓen gwamnan Bajiniya a 1997 da alkawarin kashe harajin mota. A Kalifoniya, ninka kuɗin lasisin mota sau uku yana cikin abubuwan da suka sa aka tsige Gwamna Gray Davis ta hanyar ƙuri'a a 2003, kuma Arnold Schwarzenegger ya soke ƙarin a ranar da ya hau kujera. Duk da haka harajin bai mutu ba a jihohin biyu.

Bari mu ga yadda yake aiki a Bajiniya, inda 'yan uwa da yawa ke zaune a kewayen birnin Washintan. Gunduma ce ke yanka kuɗin. A gundumar Fairfax, dala 4.57 ne a kan kowace dala 100 ta darajar mota, kuma darajar da motar ke da ita ranar 1 ga Janairu ake dubawa a littafin farashin motoci. Dokar rangwame ta 1998 ta sa jiha na ɗauke wani kaso na harajin dala 20,000 ta farko, wanda a 'yan shekarun nan yake wajen rabi. Ɗauki motar da ta kai dala 30,000. Harajin dala 20,000 ta farko shi ne 914, a cire rabi saura 457. Ragowar dala 10,000 babu rangwame, wata 457 ke nan. Jimla sama da dala 900 a shekara, a kan mota ɗaya, ko ka hau ta ko tana ajiye a ƙofar gida. Ka tsallaka kogin Potomac zuwa Merilan, babu wannan jangali na shekara-shekara, amma can kowace gunduma tana ɗora nata harajin kuɗin shiga a kan na jiha.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wasu daga cikin jihohin da aka yi wa shaidar rashin haraji su ne gaba-gaba a wannan fanni. Mu ɗauki sabuwar mota wadda farashin kamfaninta dala 40,000 ne, mu zagaya da ita. A Nebada ana ɗaukar kashi 35 cikin 100 na farashin kamfani, wato dala 14,000, a karɓi kashi 4 a kai, 560 ke nan. Gundumar Clark, inda Las Vegas take, ta ƙara kashi 1, wato 140. Ga kuɗin rajista dala 33. Shekarar farko ta tashi dala 733. A New Hampshire, wadda ba ta da harajin albashi kuma ba ta da na saye, gari na karɓar dala 18 a kan kowace 1,000 ta farashin kamfani a shekarar farko, 720 ke nan, sannan ya riƙa sauka zuwa 15, 12, 9, 6, har 3. A Arizona, ƙasar rana da tsofaffi ke rububi, kashi 60 na farashin ake ɗauka, a karɓi dala 2.80 a kan kowace 100, ya ba da 672, darajar kuma na raguwa da kashi 16.25 duk shekara. A Kolorado kashi 85 na farashin ake ɗauka, a karɓi kashi 2.1 a shekarar farko, 714 ke nan, amma in mota ta shiga shekara ta goma wannan haraji ya koma dala 3 kacal.

Ka lura da abu biyu a nan. Na farko, a waɗannan jihohi huɗu farashin kamfani ake bi, ba abin da ka biya ba. In ka iya ciniki ka samu motar da rahusa, ko ka saye ta a gwanjo, ofishin rajista bai san da wannan ba. Na biyu, shekarun mota su ne komai. Mai tsohuwar Corolla ta shekara goma sha biyu kusan babu ruwansa da duk wannan lissafi, duk jihar da ya shiga. Wanda zai sha wuya shi ne mai al'adar nan tamu ta cewa in an yi ritaya sai a saya wa kai sabuwar babbar mota a huta. Ban hana kowa ba, bayan shekara talatin na wahala mutum ya cancanci abin hawa mai kyau. Ina dai roƙon a san jihar da za a sa mata lamba kafin a sa hannu a takardar dillali.

Masu motar lantarki kuma, tunda ba sa biyan harajin fetur, yawancin jihohi sun yanka masu kuɗi na musamman. Teksas tana karɓar dala 200 a shekara tun Satumba 2023.

Kuɗin shiga gari

Ban da na shekara-shekara, akwai wanda ake biya sau ɗaya ranar da ka kai motarka sabuwar jiha. Wannan yakan zo a daidai lokacin da aljihu ya bushe, an biya motar kwasar kaya, an biya kuɗin ajiya na gida.

Teksas tana da sauƙi: dala 90 ga sabon mazauni da ya shigo da motar da ke da rajista da sunansa. Fulorida tana karɓar dala 225 ta rajistar farko, ga kuɗin takardar mallaka da na lamba, sai ka ga an doshi dala 400 a kan kowace mota. In kuma ba ka kai wata shida da sayen motar ba, za a duba harajin saye na kashi 6, a cire abin da ka riga ka biya a waccan jiha, ka cika ragowar. Karolina ta Arewa kashi 3 take karɓa amma ba ya wuce dala 250 ga sabon shigowa, sannan harajin dukiya na gunduma ya riƙa zuwa duk shekara a takarda ɗaya da sabunta lamba. Karolina ta Kudu dala 250 ce, kuma sai ka fara biyan harajin dukiya a gunduma ka kawo rasit kafin a ba ka lamba.

Jojiya ta ɗauki wata hanya tun Maris 2013. Ta soke jangalin shekara-shekara ga motocin da aka saya daga lokacin, ta mayar da shi biya ɗaya a ranar yin takardar mallaka. Yanzu kashi 7 ne na darajar mota ga wanda ya saya yana mazaunin jihar, kashi 3 ga sabon shigowa da motarsa. Motar dala 30,000 za ta ci 900 a ranar farko, daga nan sai dala 20 ta lamba duk shekara. Wannan tsari yana yi wa mai riƙe mota shekara goma daɗi, yana kuma cutar mai canza mota duk bayan shekara biyu. A Merilan, in ka yi rajista cikin kwana 60 da zuwanka, za a cire maka harajin da ka biya a tsohuwar jiharka. In ka bari kwana 60 suka wuce, ka rasa wannan rangwame, ka biya cikakken kaso a kan darajar motar. Na ga wanda sakaci na mako biyu ya ci masa fiye da dala dubu.

Za ka ji ana raɗe-raɗin wata dabara, a buɗe kamfani na takarda a Montana, inda babu harajin saye, a yi wa mota rajista can alhali ana zaune wata jiha. Ka nisance ta. Dokar kusan kowace jiha ta ce inda mota ke kwana nan ake mata rajista, jihohi na farautar masu yin haka, kuma kamfanin inshora na iya ƙin biya in hatsari ya faru aka gano an ɓoye adireshin gaskiya.

Inshora, gida da kasuwa

Sau da yawa inshorar mota ta fi duk waɗannan kuɗaɗe girma in an haɗa su. Fulorida, Luwiziyana, Mishigan da Niyok kullum suna cikin masu tsada. Farashin kuma ba na jiha ba ne kawai, na unguwa ne. Kada ka yarda da ƙiyasin kowa. Ka samo lambar gidan waya ta unguwar da kake son zama, ka kira kamfani biyu ko uku, ka ba su lambar jikin motarka mai haruffa da alƙaluma 17, su faɗa maka farashi. Aikin rabin awa ne.

Gida shi ne babban aljihu na biyu. Teksas, da ba ta karɓar harajin albashi, da harajin gidaje take riƙe makarantunta, kuma tana cikin jihohi masu tsada a wannan fanni, ko da yake New Jersey da Ilinoi sun fi ta. Idan jimlar abin da gunduma da birni da hukumar makarantu ke karɓa ya kai kashi 2, gidan dala 300,000 zai ci 6,000 a shekara kafin rangwame. Rangwamen na da yawa, amma ba ya zuwa da kansa, sai ka cike takarda. Wanda ya kai shekara 65 a Teksas yana iya neman a daskarar masa da harajin makarantu a kan gidan da yake ciki, kada ya ƙara hawa. A Fulorida ana cire wajen dala 50,000 daga darajar gidan zama, kuma ƙiyasin darajar ba ya hawa fiye da kashi 3 a shekara, sai dai inshorar gida a can, saboda guguwar teku, ta zama abin da ke korar tsofaffi daga gidajensu. Ɗan haya ma kada ya ce ba ruwansa, mai gida a cikin kuɗin haya yake zuba nasa harajin.

Harajin saye ba sai na daɗe a kansa ba. Jihohi biyar ba su da shi a matakin jiha: Alaska, Delaware, Montana, New Hampshire da Oregon. Tenesi kuwa, da ba ta taɓa albashi, takan kai kashi 9.75 in an haɗa da na gunduma, har kayan abinci tana karɓar kashi 4. Mai ƙaramin fansho da ke kashe duk abin da ya samu a kasuwa, shi wannan haraji ya fi dama.

Akwai kuma maganar da ba ma son yi amma dole ce, wato gado. Jihohi biyar suna karɓar haraji daga hannun magada: Kentaki, Merilan, Nebraska, New Jersey da Fensilbaniya. Wannan ya shafe mu fiye da yadda ya shafi wasu, domin rabon gado na Musulunci yakan kai ga 'yan uwa, kuma wasu daga cikin waɗannan dokoki sun fi tsananta wa ɗan uwa fiye da ɗa. A Fensilbaniya, wadda na yaba a baya saboda ba ta taɓa fansho, matar aure ko miji ba sa biyan komai, 'ya'ya kashi 4.5, 'yan uwa na jini kashi 12, sauran dangi kashi 15. Mai gida a Filadelfiya da ke son a raba dukiyarsa bisa shari'a, ya zauna da lauya ya rubuta wasiyya yana sane da waɗannan alƙaluma.

Yadda za ka yi lissafin, da yadda za ka tashi

Ka samu takarda guda, ka ja layi uku ko huɗu, kowane layi da sunan gundumar da kake tunani, har da wadda kake ciki yanzu. Gunduma na ce, ba jiha ba, domin harajin gida da na mota da inshora duk a can ake yanka su. A gefe ka rubuta kuɗin da zai riƙa shigo maka, kowanne da asalinsa, tunda kowanne da hukuncinsa. A ƙarƙashin kowace gunduma ka sa harajin jiha a kan wannan kuɗi, harajin gida ko haya, inshorar gida, rajista da jangalin kowace mota, inshorar mota, da kuɗin shiga gari na shekarar farko. Yawancin ofisoshin rajistar motoci suna da wurin ƙiyasi a shafinsu na intanet, ka sa shekarar mota da farashinta ya ba ka adadi. Majalisun jihohi na taɓa waɗannan alƙaluma kusan duk shekara, saboda haka ka ɗauko na shekarar da za ka tashi daga shafin hukumar kanta. Sannan ka yi jimlar shekara biyar, kada ka tsaya a ɗaya. A shekarar farko Jojiya za ta yi kamar ta fi Bajiniya tsada ko su yi kunnen doki, a shekara ta biyar kuwa tazarar ta fito fili.

In ka yanke shawara, kwanakin da aka ba ka ka yi rajista ba su da yawa: 10 a Fulorida, 20 a Kalifoniya, 30 a Teksas da Jojiya, 45 a Karolina ta Kudu, 60 a Merilan. Idan akwai bashin banki a kan motar, a jihohi da yawa takardar mallaka na hannun bankin, kuma aiko ta yakan ɗauki makonni, don haka ka kira su tun kafin ka ɗaure kaya. Da ka sauka, fara da inshorar sabuwar jiha, sai lasisin tuƙi, sai gwajin mota in ana bukata, sai takardar mallaka da lamba.

Mai barin Niyok ya riƙe wannan da kyau: kada ka soke tsohuwar inshora sai ka mayar da lambobin motar ka karɓi rasit. A dokar Niyok, mota mai lamba ba ta kwana ko ɗaya babu inshora. Tarar tana farawa daga dala 8 a kowace rana a wata na farko, ta koma 10, ta koma 12, in aka wuce kwana 90 kuma a dakatar da lasisin tuƙinka, kuma wannan dakatarwa za ta bayyana a kwamfutar sabuwar jiharka.

Haka nan ka yanke igiya da tsohuwar jiha yankan gaske. Ka canza adireshi a banki, a ofishin Social Security, a Medicare, wato inshorar lafiya ta tarayya ga tsofaffi, da rajistar zaɓe in kai ɗan ƙasa ne. Wanda ya riƙe gida a Niyok kuma ya yi fiye da kwana 183 a cikinta a shekara, jihar na lissafa shi mazauninta ko da lasisin Fulorida ne a aljihunsa.

Saura mu da muke raba shekara biyu, rabi nan rabi gida, a yi azumi da sallah a Kano ko Yamai ko Kumasi a dawo ganin likita da jikoki. Ga irinmu, motar da ke ajiye wata biyar tana ci gaba da cin kuɗi. Jangalin Bajiniya ba ya tsayawa don kana Zinder. Kalifoniya tana da tsarin da za ka sanar cewa motar ba za ta hau titi ba, ka biya ɗan kuɗi kaɗan maimakon cikakkiyar rajista. A Niyok sai dai ka mayar da lamba kafin ka dakatar da inshora, in ka dawo ka sake karɓa. Wasu kamfanonin inshora suna rage kuɗi ga motar da ke ajiye in ka tambaya. Mai irin wannan rayuwa, jiha mai kuɗin rajista bai-ɗaya da tsohuwar mota mai lafiya sun fi masa komai.

Ni da Baba Alhaji mun zauna da takardarmu a wani gidan abinci na 'yan Gana, shayi na hucewa muna ja da goge layi. Layi uku muka yi: Bronx, Houston, da Greensboro a Karolina ta Arewa, inda 'yarsa ke aure cikin jama'ar Nijar da suka yi yawa a garin. A layin harajin kuɗin shiga, sifili muka rubuta sau uku. Motarsa ta gida Camry ce mai shekara tara, don haka jangalin Karolina bai fi abin cefanen mako guda ba. Abin da ya raba gardama shi ne haya da inshora, da kuma wanda zai kai shi asibiti ranar da ba zai iya tuƙi ba. Ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ninke ta ya sa a aljihun jamfarsa ya ce, "To, bari in kira Hajiya."

Bayan sallar layya suka tashi zuwa Greensboro. Ya biya dala 250 ta shiga gari, ya cire lambobin Niyok da hannunsa, ya aika da su ofishin rajistar motoci na Niyok a Albany ta gidan waya, ya jira rasit ya iso, sannan ya kira kamfanin inshora.